Kifin da Na Zuba a Tafkin Giyayya

Mun tashi da asuba daga Dutse ranar Asabar ɗin da ta wuce. Ana sallame salla muka kama hanya, ko shayi ban tsaya sha ba. Mu biyu ne a cikin a-kori-kurar wani abokina, ɗan Fulani, wanda ya saba ɗauko mini abincin kifi daga kasuwa. Masu bibiyata sun san ina kiwon tarwada a kwamin siminti a bayan gidana tun da na bar aikin gwamnati, kuma sun san ba na rufe baki a kan sana'ar. To, wannan karon ku yi haƙuri da ni, ba labarin alfahari na kawo muku ba.

Kwana uku kafin nan Kawu ya kira ni a waya. Yayan mahaifiyata ne, kuma shi ne Sarkin Ruwan ƙauyensu da ke bayan Miga. A hannunsa ikon tafkin garin yake, wanda ake kira Giyayya saboda itatuwan da suka kewaye shi. Idan ya kafa sandarsa a bakin ruwa, ko ɗan mai gari bai isa ya jefa ƙugiya ba, sai ranar da ya cire ta aka yi su, wato kamun kifi na gari gaba ɗaya. Ya ce mini ranar Asabar zai buɗe, in zo. Sannan ya faɗa mini abin da ke damunsa. Shekara da shekaru wasu 'yan kasuwar kifi suna neman a ba su tafkin, su kafa injina su zuƙe ruwan tas, su kwashe duk abin da ke ciki, su bar taɓo. Kawu ne kaɗai yake hana su. Bana mai gari ya yanke magana: idan su ya yi kyau tafki na nan a hannun Kawu, idan bai yi ba a ba masu inji.

Ni kuwa ko a jikina, domin na san abin da na shuka a ruwan nan. Shekara uku ke nan da rasuwar mahaifiyata. Bayan an yi sadakar arba'in na zauna ina tunanin abin da zan yi mata wanda ladansa ba zai yanke ba. Sai na cika duro biyu da matasan tarwada, zaɓaɓɓu, waɗanda suka fi saurin girma a kwamina, na kai su garin haihuwarta na juye a Giyayya. Na ce su hayayyafa, duk wanda ya ci ita ta samu. Kawu ya ji daɗi har da ƙwalla. Don ya girmama sadakar ƙanwarsa ya kafa sanda, ya ce ba mai taɓa ruwan sai sun yi ƙwari. Shekara ta farko ta wuce bai buɗe ba, ta biyu ma haka. Wannan ne buɗewar farko tun ranar.

Mun wuce Shuwarin gari bai gama wayewa ba, rumfunan kasuwa a tsaye babu kowa sai awaki. A Kiyawa muka tsaya wajen mai shayi kusa da tasha, 'yan adaidaita sahu suna ta goge gilashi suna jiran fasinja. Ƙosan ɗari biyar da a da zai ishi mutum biyu, yanzu a tafin hannu ɗaya aka miƙo mini shi, na ce wa mai tuyar ko na gani ne ta ba ni kafin ta kawo na saye. Abokina kuwa ya sa ni gaba da tsiya tun daga nan. Shi ba ya cin kifi, wai kakansa bai ci ba, wai abin da ba ya da ƙafa huɗu ba dabba ba ne. Na ce ya bari mu isa, zai ga abin da kifi ke yi wa gari.

Daga Kiyawa muka juya arewa zuwa Jahun. Bazara ta kama sosai, gonaki fayau, sai karan dawa da aka jingina a jikin kuka. Gawo ne kawai ke da ganye, shanu sun taru a ƙarƙashinsa tun da sassafe. Titin yana da kyau a wasu wuraren, a wasu kuwa sai direba ya zaɓi ramin da zai faɗa. Da muka wuce Jahun ƙasa ta fara canzawa. Kore ya bayyana, shinkafar rani da albasa da tattasai, ko'ina ƙarar injin ban ruwa, mata da buhuna a ka suna bin gefen hanya.

Gab da Miga, kusa da wata gada, na ga abin da na ɗauka gero aka shanya a kan tamfol, sai dai yana ƙyalli. Na sa aka tsaya. Ashe kifi ne, 'yan mitsi-mitsi, babu wanda ya kai tsawon ɗan yatsa, shimfiɗa bayan shimfiɗa har inda ido ya tsaya. Wani magidanci yana juya su da tsintsiya. Na tambaye shi da me ake kama irin waɗannan, ya nuna mini tarun da aka rataya a jikin bishiya. Gidajen sauro ne aka harhaɗa aka ɗinke. Ya ce ana ja daga gaɓa zuwa gaɓa, ko ƙwan kifi ba ya tsira. Ya ce ba don miya ba ne, masu niƙa abincin kaji da na kifi ke zuwa da mota su kwashe. Bai yi kama da mugun mutum ba, yana da iyali, kuma ya ce manyan kifin sun daɗe da yin wuya a kogin. Na ce Allah ya kyauta, na koma mota. Mun ɗan yi tafiya abokina ya ce, "Wai ba irin warin buhun da nake ɗauko maka ba ke nan?" Na ce ya kalli gabansa kada ya jefa mu rami. Shi ne warin, na gane shi tun kafin in sauka.

Mun bar kwalta a Miga muka bi burji, muka isa ƙauyen da hantsi. Matar Kawu ta tare mu da kunun tsamiya da ɗumamen tuwo miyar kuka. Na lura babu ko ƙashin kifi a miyar, a gidan Sarkin Ruwa guda, amma na ce ai ruwa a rufe yake, yau za a rama. Kawu ya tsufa fiye da yadda na bar shi. Ya rame, tafiya sai da sanda, amma muryar nan tana nan. Ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗan nan, ka zo ka ga sadakarka."

Bakin Giyayya ya cika maƙil. Maza sun tuɓe riga, kowa da komarsa, wato ragar nan mai baki biyu da ake buɗewa a haɗe, wasu sun rungume gora don shiga zurfi. Mata sun jera kwanduna da daro a gaɓa. Can gefe, ƙarƙashin wata giyayya, mutum huɗu na zaune a kan babura da manyan tiyo a naɗe a baya. Ba sai an faɗa mini ba, su ne masu inji. Sun gaida Kawu cikin ladabi, ya amsa bai kalle su ba. Ruwan ya ja baya sosai, kuma ya yi wani kore-kore mai kauri wanda ban san shi da shi ba lokacin da ake kawo mu hutu muna yara.

Kawu ya shiga ruwa har gwiwa, ya ɗaga hannu ya yi addu'a, ya ambaci iyayensa da mahaifiyata, jama'a suka shafa. Ya kama sandar da hannu biyu ya tumɓuke ta. Kai, jama'a! Ban taɓa jin ƙara irin ta ruwan nan ba lokacin da mutane suka auka masa. Kafin ka ce me, koma ta fara fitowa da nauyi, tarwada na ta bugun juna, ana watsowa gaɓa. Daro ya cika, kwando ya cika. Mutane na wucewa ta gabana suna cewa, "Alhaji, Allah ya jiƙan Hajiya, Allah ya kai mata." Ba zan ɓoye muku ba, kaina ya kumbura. Na waiwaya na harari masu injin, na taɓa abokina na ce to, yau me kakanka zai ce?

Wata tsohuwa mai bandar kifi ce ta fara sanyaya mini jiki. Tana zaune kusa da ni tana tsince abin da jikokinta mata ke kawo mata, sai ta ɗago ta ce, ba da ni take ba, "Ikon Allah. Ina karfasa? Ina kurungu?" Na duba darona, na duba na kusa da ni. Tarwada ce, tarwada, tarwada. Babu kawara, babu ragon ruwa, balle yauni da a da idan aka kama ɗaya sai an kai gidan mai gari an nuna. Kuma da na ɗauki guda na duba da idon mai kiwo, sai na ga abin da ban so ba. Kai ƙato kamar ludayi, jiki kuwa siriri, babu tsoka. Kifin da ya daɗe da yunwa ke nan.

Kawu yana bin tsibin kifin ɗaya bayan ɗaya, yana juya su da sandarsa. Da ya zo inda nake ya zauna a kan saiwa, ya zaɓi babba, ya karɓi wuƙa a hannun tsohuwar ya farke cikin. 'Yar karfasa ce a ciki, rabinta ya narke. Ya farke na biyu, ƙaramar tarwada ce, 'yar uwarta ta haɗiye ta. Na uku babu komai sai taɓo. Ya goge wuƙar a ciyawa ya miƙa wa mai ita.

Ya ce tun kakanni akwai tarwada a Giyayya, amma kaɗan ce, kuma duk shekara su yana rage ta. Sannan duk damina kogi na tumbatsa ya biyo ta wani kwari ya shigo da sabon iri. Yanzu an yi jinga don kare gonakin shinkafa, ragowar kwarin kuma kachala ta toshe shi, ciyawar nan mai tsawo da ta cinye fadamun yankin. Ruwan sama ne kawai ke cika tafkin, babu kifin da ke shigowa, babu mai fita. A cikin wannan rufaffen wuri na juye duro biyu na kifin da aka saba wa ci safe da yamma.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na sani. Wallahi na sani. Duk mako biyu nake shiga kwamina ina ware manya daga ƙanana, don na san idan na yi sakaci babba zai cinye ƙarami. Ni ne nake koya wa sababbin masu kiwo wannan, har da ɗaga murya. Amma ranar da na tsaya a bakin Giyayya da durona, ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba cewa akwai masu gida a cikin ruwan. Lada nake hange, da yadda za a ce ɗan Hajiya ya kyauta. Na ce, "Kawu, ni na yi wannan." Ya ce, "Kai ka zuba, ni na rufe musu ƙofa shekara uku. Da na buɗe tun shekarar farko da an rage su. Kada ka ɗauke nawa ka haɗa da naka."

Bayan la'asar aka taru a ƙofar gidan mai gari. Ga duk wanda ya kalli yawan daro, su ya yi kyau, kowane gida ya samu, hayaƙin banda ya riga ya tashi a unguwanni. Mai gari ya yi hamdala, ya ce magana ta ƙare, tafki na hannun Sarkin Ruwa, baƙi su yi haƙuri. Masu injin har sun fara miƙewa. Sai Kawu ya ce, "Ranka ya daɗe, a ba su."

Mai gari ya ce bai ji ba, Kawu ya maimaita. Ya ce koma ba ta iya ƙarar da tarwada, abin da ya nutse a taɓo ya fi abin da aka kama, kuma muddin suna ciki duk irin da ya shigo abincinsu ne. Babu magani sai ruwan ya ƙafe, rana ta gasa ƙasan har ta tsage. Ya kafa sharuɗɗa: ba za a zuba maganin feshi ba ko ɗigo, ba za a sare giyayya ko ɗaya ba, bana kaɗai ne, kuma matasan gari su shiga kwarin nan su sare kachala kafin ruwa ya sauka. Mutumin da ya yi shekaru yana korar injin nan daga bakin ruwan ubansa, yau shi ya kira shi da bakinsa.

Wani dattijo daga rugar da ke gabas da gari, Ardonsu, ya gyara zama ya ce, "Sarkin Ruwa, shanu fa?" Nan suke sha tun daga kaka har faɗuwar ruwa. Kawu ya ce, "Bana sai kogi, Ardo. Ka yi haƙuri." Kogin kuwa tafiyar rabin yini ce da garke, kuma ta tsakiyar gonakin rani, inda kowa ya san abin da taku ɗaya na saniya ke jawowa. Ardo bai yi musu ba, ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ya ɗauki sandarsa. Abokina ya raka shi har bayan gari suna magana da Fulatanci. Da ya dawo bai ƙara tsokanata ba, ni ma ban iya haɗa ido da shi ba.

A gidan Kawu muka kwana. Da gari ya waye na tarar ba ya nan, aka ce yana tafki. Na same shi a ruwa har ƙugu, shi da matarsa da tsohuwar nan mai banda, suna lalube tsakanin saiwoyin giyayya da kwando da ƙwarya, inda manyan tarwada ba sa iya kutsawa. Abin da suka samu suna sakawa a tulu. 'Yan karfasa ne, da kurungu kaɗan masu ƙaya a baya, da kawara guda uku. Duka-duka ba su cika ƙwaryar fura ba. Abin da ya rage na Giyayyar da na sani ke nan.

Ya sa aka wanke wani duro aka cika da ruwan tafkin, ya juye su a ciki da hannunsa. Ya ce a garin nan babu inda za a ajiye su su kai damina, rijiya ta yi zurfi, randa ta yi kaɗan. "Kai ke da ɗakin kifi a birni. Ka riƙe mini su amana. Kada ka haɗa su da naka."

Tafiyar da muka yi cikin awa biyu da ɗoriya a zuwa, sai da ta ci mana kusan biyar a dawowa. Mun rufe duron da jiƙaƙƙen buhu, na zauna a bayan mota na rungume shi, abokina yana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai, masu babur na wuce mu suna mana tsawa. Da muka zo gadar nan na ga an ƙara shimfiɗa sabon tamfol, na kawar da kai. A Jahun muka roƙi ruwan rijiya a wani gida muka rage na duron muka ƙara sabo, maigidan ya leƙa ya ce a kan waɗannan 'yan abubuwan muke wahala haka? Na ce e. A Kiyawa na buɗe na tarar bakwai sun juya ciki sama, har da kawara biyu. Na tsaya ina kallon su. Abokina, wanda ko daron kifi ba ya taɓawa, ya naɗe hannun riga ya tsame su ɗaya-ɗaya, ya rufe buhun, ya ce mu tafi rana na ƙara zafi.

Mun shigo Dutse ana kiran azahar. Na kwashe tarwadar da ke kwamin da ya fi inuwa na raba ta a sauran, na wanke shi sau uku, na juye amanar Kawu. Suka bazu suka ɓuya a kusurwa, kwamin ya zama kamar babu komai a ciki.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba mai daɗi ba ne. Na daɗe ina zagin masu gidan sauro da masu inji, ina ganin ni mai kiwo ne, mai ƙarawa, su masu ragewa. Ashe 'ya'yan kifin da ake sharewa a kogi cikin kwamina suke ƙarewa, kuma tafkin da masu inji suka kasa samu shekara da shekaru, ni na miƙa musu shi da kyakkyawar niyya. 'Yan uwana masu kiwo, don Allah duk wanda ya ga kifi ya yi masa yawa, ya yanka ya raba wa maƙwabta. Kada ya kai shi ruwan da ba shi ya haƙa ba, ko da sunan sadaka ne, sai ya tambayi masu ruwan abin da ke ciki.

Da yamma na kira Kawu in ce mun sauka lafiya, in kuma tambaye shi abin da kurungu ke ci, domin shekara tara ina kiwon kifi ban sani ba. Da ƙyar nake jin sa, akwai ƙara a bayansa, tut-tut-tut, ba ta tsayawa. Na ce menene wannan, ya ce sun kafa tun azahar, yana zaune yana kallo kada su zuba wani abu. Ya tambayi nawa suka rage, na faɗa masa, ya ce ba laifi. Sannan ya ce, "Idan ruwa ya sauka, kwari ya kawo, ka dawo da su. In ka same ni, to. In ba ka same ni ba, ta gabas za ka zuba, gindin babbar giyayya, nan ne saiwa ta fi yawa."

Na ce in sha Allahu zan same shi. Bai amsa ba, ko kuwa injin ne ya hana ni ji.